Mai Neman Ɓaraka a Tashar Ƙanƙara

Ranar sunan ɗiyar ƙanena a La Courneuve, kusa da Paris, bayan an ci an sha, samari suka koma falo suka kewaye tele suna wasan harbe-harbe da manet, abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a hannu. Nasiru ɗan yayata ya waiwayo ya ce, "Tonton Isuhu, wai gaskiya ne a da ana biyanka don ka zauna ka buga wasa?" Na ce gaskiya ne. Suka fashe da dariya, wani ya ce shi ma irin aikin da yake nema ke nan tun da ya gama lakkol, wato makarantar boko. Hayaniya ta yi yawa a ranar, ban ba su amsa ba. Ga amsar nan ga mai son ji.

Na zo Lyon daga Damagaram a farkon shekarun dubu biyu don karatun informatik, wato ilimin kwamfuta. Na sauka a Vaulx-en-Velin da ke gefen birnin, ɗaki ɗaya da Hamadu, mutumin Garwa ta Kamaru, wanda ya girme ni kuma ya riga ni zuwa. Shi ya kai ni inda yake aiki. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, haka ma sunan wasan, don mun sa hannu a takarda. Abin da kamfanin ke yi shi ne, idan an ƙera wasa a Amurka, sai a aiko masa ya shirya shi don Turai: a fassara rubutu, a ɗauki muryoyi, sannan a gwada shi a kan irin telen nan ƙasar. Mu ne masu gwajin.

Wasan da na tarar a kan tebur na harbi ne. Kai soja ne, da idonsa kake gani, bindigarsa kawai kake hange a ƙasan allo. An aike ka wata tashar haƙar ma'adinai a kan wata duniyar ƙanƙara mai nisa da rana, inda injinan haƙa suka juya wa masu su baya. Daga baya wasan ya yi suna ƙwarai, har iyayen wasunku sun buga shi. A lokacin dai faifai ne marar hoto, an rubuta lamba a kansa da alƙalami.

Aikina na farko bango ne. Shugabar masu gwaji, Madam Odile, mace ce gajera mai furfura wadda ba ta ɗaga murya. Ta miƙo mini manet, ta buɗe mataki na uku, ta ce, "Manna kafaɗar sojan da bangon hagu. Ka bi shi har ƙarshen matakin. Duk kusurwar da ka iso ka yi tsalle, ka durƙusa, ka jefa gurneti. In ka gama, ka koma farko ka bi na dama."

Na ce, "Injinan fa, Madam? Za su kashe ni."

Ta ce, "An kashe su. Babu kowa a ciki sai kai."

Haka na yi makonni ina goga kafaɗa da bango a tashar da babu kowa. Abin da ake nema shi ne wurin da maƙera ba su haɗa bango da ƙasa da kyau ba. Turawa na ce wa irin wannan aibi bug. Ni da Hamadu ɓaraka muke ce masa, don ya fi kama da ɗinkin da ya saki. Wata rana a bayan wani bututu na yi tsalle, sai sojan ya zurma. Na ga tashar duka daga ƙasa tana ƙanƙancewa a samana, ni kuwa ina ta faɗuwa cikin baƙi. Na miƙe na kira Madam Odile da murna. Ta zo ta duba, ta ce, "Sake yi."

Na koma wurin bututun, na yi ta tsalle, sojan ya ƙi zurmawa.

Ta ce, "To, ba ka ga komai ba tukuna." Ta koma kujerarta.

Duk sana'ar tana cikin wannan maganar. Kowa na iya cin karo da ɓaraka, har ku. Mai gwaji shi ne wanda zai iya sa ta sake faruwa duk lokacin da aka ce ya yi, ya kuma gaya wa wani mutum da ke wata nahiya yadda zai yi ta faru a gabansa. Hamadu ne ya zauna kusa da ni da yamma muka mayar da kaset ɗin da ya ɗauki wasana baya. Ashe kafin tsallen na canja bindiga, kuma canjin ne ke rage faɗin sojan na ɗan ƙiftawar ido. Da muka gane haka, sai ya zama ina zurmawa duk sanda na ga dama.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai konsol na gwaji, wato akwatin da ake sa faifan wasa a ciki, wanda launinsa ya bambanta da na kasuwa, an ɗaure shi da sarƙa a ƙafar tebur. Akwai tele biyu, tsohuwa mai ƙaton baya da sabuwa mai faɗi, don rubutun da ya fito sarai a ɗaya yakan yanke a gefen ɗayar. Akwai manyetoskop da ke ɗaukar duk abin da ka yi a kaset, kuma ba a yarda ka taɓa manet ba sai kaset na juyawa. Sai manet ɗin kansa. Ba ya daɗewa a hannunmu. Sandar hagu ce ke fara saki, sojan ya riƙa tafiya shi kaɗai, kuma sabon ma'aikaci yakan ɓata yini yana rubuta rahoto a kan aibin da ke hannunsa, ba a cikin wasan ba. Shi ya sa kafin ka ce ka ga wani abu, sai ka canja manet ka sake gani.

Jikinka ma kayan aiki ne, kuma shi ba a canja shi. Irin wannan wasa yana sa jiri, don ido na cewa kana gudu, jiki na cewa kana zaune. Na ga ƙattin samari sun zo da fahariya cewa sun ƙware, kafin azahar suna banɗaki suna amai. Hamadu ya koya mini in kafa ido a kan ɗigon da ke tsakiyar allo, in kuma riƙa tauna ɗanyar citta. Babban yatsana na hagu ya yi kanta. Wuyan hannun dama kuwa har yau yana gaya mini in sanyi zai sauka.

Rubuta rahoto ya fi bugun wasan cin lokaci. Ba a cewa wasa ya lalace. Sai ka faɗi inda ka tsaya, abin da ke hannunka, abin da ka danna, abin da ya kamata ya faru, da abin da ya faru. Ba a zargin kowa, ba a ba da shawarar gyara. Madam Odile takan dawo mini da rahoto saboda kalma ɗaya. Na taɓa rubuta cewa ƙofa "takan" ƙi buɗewa, ta ja layi a ƙarƙashin kalmar ta ce, "Yaushe? In ba ka sani ba, koma ka sani."

Waɗanda muke yi wa aiki kashi uku ne, kuma babu wanda muka taɓa gani ido da ido. Na farko maƙeran wasan a Amurka. Amsarsu da ta fi yawa ita ce sun gwada abin bai faru ba, sai ka aika musu da kaset. Na biyu masu konsol, waɗanda sai sun yarda kafin a buga faifai. Su ba ruwansu da daɗin wasa. So suke su san abin da zai faru in yaro ya cire manet ana tsakiyar ajiye wasa, ko ya buɗe murfin faifai, ko wuta ta ɗauke. Na yi wata kaka guda ba abin da nake yi sai cire waya da mayarwa. Na uku su ne ku, masu saye, kuma ku ne kuka fi wuya, don duk abin da hankali bai kawo ba sai kun yi shi.

Aikin da na fi tunawa a wannan wasa shi ne na mutum biyu, inda ake raba allo sama da ƙasa. Ni da Hamadu aka ba mu. Akwai wani lif da ke sauka cikin ramin ma'adinai. Muka gano cewa idan ɗaya ya shiga lif, ɗayan kuma ya mutu daidai lokacin da ƙofa ke rufewa, to wanda ya mutu zai farfaɗo a can ƙasan ramin, ya tsallake kusan rabin matakin. Muka rubuta, muka aika da kaset. Amsa ta dawo cewa lokaci ya ƙure, a bar shi, babu wanda zai yi haka. Aka buga faifai da shi a ciki. Ba a jima ba samari suka gano shi, suka mayar da shi gwaninta, suna gasar wanda zai fi saurin gama wasan ta wannan hanya. Hamadu ya nuna mini a intanet, ya ce, "Ɗan Damagaram, ga ɓarakarmu ta yi kasuwa." Haka aikin yake. Kai naka ka faɗa, gyara ko bari na wasu ne.

Akwai kuma aikin harshe. Faransanci ya fi Ingilishi tsawo, Jamusanci ya fi su duka, sai ka ga kalma ta fita daga akwatinta ta hau kan ma'aunin harsashi. Hamadu yana da kunne. Shi ya ji cewa shugabar tashar, wadda ke yi wa sojan magana ta rediyo, tana girmama shi a wani ɗaki, a ɗaki na gaba kuma tana yi masa magana kamar ƙanenta, don an ɗauki muryar a ranaku daban. Sai da aka sake kiran mai muryar. Da wasan ya fito, sunayenmu suna can ƙarshen jerin masu aiki da ƙananan baƙaƙe, kuma an rubuta na Hamadu ba daidai ba. Wannan shafin ne kaɗai ba a ba mu mu gwada ba.

Bayan wannan nasara, masu kamfanin suka ga cewa su ma za su iya ƙera nasu maimakon gyara na wasu. Suka ɗebi maƙera, suka kama bene guda, aka fara wani wasan harbi na sararin samaniya, wannan karon a cikin wani ƙaton jirgi da ya ɓace. Mun yi shekaru muna gwada shi tun yana akwatuna masu toka-toka har ya fara kama da wuri. A lokacin an daina kaset, ana ɗauka a ordinatar, wato kwamfuta. Gwada abin gida ya bambanta, don wanda ya yi kuskuren yana hawa na sama, kuna haɗuwa wurin shan kafe. Akwai wani maƙeri, Mathieu, dogo mai yawan tari, wanda in ya ga rahotona yakan sauko da kansa ya tsaya a bayana ya ce, "Nuna mini." In na nuna masa sai ya dafa kai ya koma sama.

Sai shekarar da bankuna suka girgiza. Waɗanda suka yi alkawarin ɗaukar nauyin wasan suka janye. Wata safiya aka tara mu a ɗakin cin abinci aka ce an soke aikin, kamfanin kuma za a rufe shi. Kwana kaɗan kafin nan maƙera sun sauko mana da sabon faifai mai ɗauke da matakin ƙarshe, wanda babu ɗayanmu da ya kai ga buɗewa. Maƙera aka fara sallama. Mathieu ya wuce ta gaban teburina da kwali a hannu, ya ɗaga mini haɓa.

Ni a lokacin na riga na sami katin zama mai dogon wa'adi. Hamadu kuwa nasa na shekara-shekara ne, kuma sai da kwantiragin aiki a hannu ake sabunta shi. Ranar da aka ba shi a prefektir, ofishin da ake sabunta katin, tana bayan ranar da za a sallame mu da ƴan makonni. In ya je babu aiki, to sai abin da Allah ya yi. Matarsa na da ciki, babban ɗansu ya shiga lakkol a Vaulx. A cikin motar bis muna komawa gida na tambaye shi abin da zai yi.

Ya ce, "Mi zan yi, Isuhu? In sun ce in tahi, in tahi."

Washegari ya gaya wa Madam Odile, ba don ta yi wani abu ba, don dai ta sani. Ta saurara, ta tambaye shi ranar. Da rana muka ga ta shiga ofishin mutumin da aka naɗa ya rufe kamfanin ya sayar da kayansa. Abin da ta gaya masa gaskiya ne: in ana son wani kamfani ya sayi wasan nan gaba, dole a sami cikakken hoton bidiyo na yadda yake, daga farko har ƙarshe, don babu mai sayen abin da bai gani ba. Ta ce wasan na mutum biyu ne, saboda haka mutum biyu take so. Ta ce sai an ɗauka a kowane matakin wahala, an bi kowace hanya, an buɗe kowane ɗaki. Mutumin bai san wasa ba, amma ya san abin sayarwa. Ya ce a ci gaba da kwantiraginmu har ranar da aka gama ɗauka.

Ta fito ta tsaya a gabanmu ta ce, "Wannan karon ba fasawa za ku yi ba. Ku buga shi yadda mai saye zai buga. Kuma ku yi shi da kyau, ba na son gaggawa."

Hamadu ya ce, "Na gode, Madam."

Ta ce, "Aiki ne na ba ka. Zauna."

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Shekaru ina bin bango, yanzu an ce in bi tsakiyar hanya. Hannuna da kansa yake kai sojan kusurwa, sai Hamadu ya taɓa ni da gwiwar hannu mu sake ɗauka. A nan na fara lura cewa akwai kiɗa a wasan, kuma yana canjawa in maƙiyi ya kusato. Na ji shi sau ba adadi, amma a da ina sauraren ko zai yanke ne kawai.

Muna bugawa ana kwashe ofis. Aka ɗauki teburan sama, aka ɗauki injin kafe, aka zo aka manna wa kujerun da muke zaune a kai takardar gwanjo. Muka koma yin salla a ɗakin shugaban kamfani, tunda babu kowa a ciki kuma akwai kafet. Mai rufe kamfanin yakan leƙo ya ce, "Saura nawa?" Madam Odile ta ce, "Suna mataki na shida, a mai wuya." Ya ce, "Ba sun yi na shida ba?" Ta ce, "A mai sauƙi suka yi." Bai ji daɗi ba, amma ya tafi.

Duk da haka wasan ya kusa ƙare mana kafin ranar ta zo. Mun bi kowace hanya, mun buɗe kowane ɗaki, ba abin da ya rage sai matakin ƙarshe. Muka shiga, muka yi ta yaƙi a dogayen lunguna har muka iso wata babbar ƙofa mai zagaye, ta ɗakin tuƙin jirgin. Bayanta wasan zai ƙare, kwantiragi ma haka. Ranar Hamadu kuwa sai jibi. Mai rufe kamfanin ya zo ya tsaya a bayanmu ya ce yau yake son makullan bene. Madam Odile ta duba bidiyon mataki na biyu a gabansa, ta nuna masa inda sauti ya ɗauke na ɗan lokaci, ta ce ba za ta sa hannu a kan wannan ba, sai an sake ɗauka. Sautin ya ɗauke da gaske, ni ma na ji. Ya dube ta, ya dubi Hamadu da ke riƙe da manet bai ɗago kai ba. Ban san abin da ya fahimta ba. Ya ce ranar Juma'a zai dawo da mai ɗaukar kaya, kuma ba zai ƙara ko yini ɗaya ba.

Ranar Alhamis Hamadu ya tafi prefektir da takardar aikinsa. Ni na zauna a gaban ƙofar mai zagaye, sojana na tsaye, nasa na tsaye. Bayan la'asar ya shigo da rigar sanyinsa a hannu, ya ajiye takardar shaidar sabuntawa a kan tebur. Madam Odile ta karanta ta mayar masa. Shekara guda aka ba shi. A cikin shekarar bai sake samun aikin gwaji ba, don duk garin an sallami irinmu. Ya koma Paris ya shiga gyaran konsol da waya a shagon wani Alhaji ɗan Cadi a Barbès, kuma yanzu shagon da ke kusa da shi nasa ne. Ni ma Paris na koma, ina gwada manhajar banki, inda babu jiri.

A wannan la'asar ta Alhamis dai, Hamadu ya zauna, ya ɗauki manet, ya ce, "Bismillah, buɗe."

Na danna, ƙofar ta buɗe. Ɗakin tuƙin ba a gama shi ba. Ƙasa da bango duk toka-toka ne, inda kujeru za su zauna an ajiye akwatuna an rubuta "kujera" a jikinsu. Taga kaɗai aka gama, ƙatuwa daga ƙasa har sama, kuma ta cikinta ana ganin wata duniya shuɗiya tana matsowa. Muka tsaya a gabanta. Sai rediyon sojan ya buɗe. A nan ya kamata shugabar jirgin ta yi jawabin ƙarshe, amma ba a kai ga kiran mai muryar ba, saboda haka wani daga cikin maƙera ya ɗauka da muryarsa don riƙon wuri. Mathieu ne. Yana karantawa kamar mai karanta takardar magani. Ya ce mun iso, jirgi ya sami hanya, waɗanda suka rage za su ga gida, mu ajiye bindiga. Ya yi tari. Sannan aka ji ya matsa daga makirufo yana ce wa wani, "To, ya isa haka, ma sake ɗauka da kyau daga baya."

Allo ya yi baƙi. Madam Odile ta miƙa hannu ta tsayar da ɗauka. Da safe mai ɗaukar kaya ya zo ya kwance sarƙar konsol, ya zuba faya-fayan a kwali ya manne bakinsa. Babu kamfanin da ya saya. Bayan maƙeransa, mu uku ne kaɗai muka ga ƙarshen wannan wasa.